Ƙishirwa Ke Kashe Mai Zawo

Kowace shekara, da zarar ruwa ya zauna fadamu sun cika, sai zawo ya shiga garuruwan bakin gulbi, tun daga Goronyo har Wurno da Lahodu, da ƙauyukan ƙasar Rabah. Ba baƙo ba ne. An saba da shi har an yi masa uzuri iri iri. In na goye ne, a ce haƙori ya ke yi. In babba ne, a ce sabon ruwa ne, ko maiƙo ya yi masa yawa. Ran da abin ya kai ga rai kuwa, sai a ce kwana ya ƙare. Gaskiya ne, ba mai wuce ranarsa. Amma wannan bai hana a tambayi abin da ke faruwa cikin cikin yaro tsakanin safiyar da ya fara gudawa da daren da ya cika ba.

Mu malaman makaranta mun daɗe muna koyar da tsabta. Tun zamanin elemantare a ke sa yara su haddace cewa a wanke hannu, a rufe abinci, a tafasa ruwa. Su haddace, su rubuta a jarrabawa, su ci. Su koma gida kuwa, ƙanensu ya kwanta da zawo, kaka ta ce kada a ba shi ruwa don kada gudawar ta ƙaru, ɗan makaranta ya yi tsit, domin doka kurum aka ba shi, ba a ba shi dalili ba. Doka maras dalili ba ta ja da maganar kaka. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, lalle kowane malami da kowane akawu ya san yadda ƙwayar cuta ke jawo zawo, sanin da zai iya bayyana wa wanda bai taɓa shiga aji ba. Abin ba shi da wuya kamar yadda a ke zato.

Ƙaramin hanjin mutum, in an miƙe shi, ya kai wajen ƙafa 20. Cikinsa ba sumul ya ke ba, yana da 'yan tsiraye ƙanana kamar gashin karan-miski, ta nan ne abinci da ruwa ke shiga jini. Ruwan da ke bi ta hanjin babban mutum a yini guda ya kai lita 8 ko 9. Kada a yi mamaki. Abin da ya sha bai fi lita 2 ba, sauran duk na jikinsa ne, watau miyau da ruwan tumbi da na matsarmama da sauransu, waɗanda jiki ke zubowa don narka abinci. Hanji ya kan tsotse kusan dukansa ya mayar cikin jini, har abin da ke fita tare da bayan gida bai kan cika kofin shayi guda ba.

To, yaya hanji ke tsotse ruwan? Ba ruwa ya ke ja kai tsaye ba. Gishiri ya ke ja, ruwa kuwa ya bi gishiri. Kowace mace ta san in ta barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa, kafin an jima sai albasar ta yi ruwa. Haka abin ya ke a hanji. A bangonsa akwai ƙofofi ƙanana, waɗansu na shigar da gishiri cikin jiki, waɗansu na fitar da shi zuwa cikin hanji. Duk inda gishiri ya fi karkata, can ruwa zai nufa. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin karatun.

Cikin hanjin kowane lafiyayye akwai ƙwayoyi masu rai, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita, yawansu kuwa ya wuce ƙidaya. Mafi yawansu ba abokan gaba ba ne. Suna taimakon narka abinci, suna kuma tare wuri don kada miyagu su sami masauki. Miyagun daga waje su ke zuwa, ta baki, kuma hanyarsu guda ce, ko da ya ke faɗinta ba daɗi: daga bayan gidan wani zuwa bakin wani. Da sun shiga, sai su tarar da dogari a ƙofa, watau ruwan tsamin da ke cikin tumbi, wanda ya kan kashe galibinsu. Waɗanda suka kuɓuce masa su ne ke isa hanji. A nan kuma aikinsu ba iri ɗaya ba ne.

Mu fara da ƙwayar kwalara, mai sa amai da gudawa, domin ita ce ta fi saurin kisa. 'Yar lanƙwasasshiya ce kamar waƙafi, da wutsiya guda da ta ke iyo da ita. Abin mamaki, ba ta huda hanji, ba ta shiga jini, galibi ma ba ta sa zazzaɓi. Maƙalewa ta ke yi a bangon ƙaramin hanji, ta hayayyafa, ta riƙa zubo dafi. Dafin nan shi ke shiga bangon ya buɗe ƙofar fitar gishiri, ya tokare ta a buɗe. Ku ɗauka manomin rani ne a fadamar Wurno ya wayi gari ya tarar an ɗage ƙofar magudana an kulle ta a sama, ruwa na ta kwarara ba mai iya tsai da shi. Gishirin jiki ya malalo cikin hanji, ruwan jini ya biyo shi. Shi ya sa bayan gidan mai kwalara ya kan zama fari tsululu kamar ruwan da aka wanke shinkafa. In abin ya tsananta, babban mutum ya kan zubar da abin da ya kai lita guda cikin awa ɗaya. Sai jini ya yi kauri, ido ya zurma, murya ta dushe, ƙafafu su riƙa ɗaurewa, fitsari ya ɗauke. Mutumin da ya tafi gona da safe da ƙafarsa, a yi masa sutura kafin asuba. Ba ƙwayar ce ta cinye shi ba, bushewa ya yi.

Wani likita Ba'indiye, Sambhu Nath De, shi ya tabbatar da haka a birnin Kalkata cikin 1959. Ya tace ruwan da aka reni ƙwayoyin a ciki har ba sauran ƙwaya ko ɗaya, ya zuba cikin wani yanki na hanjin zomo da ya ɗaure gaba da baya. Hanjin ya kumbura tim da ruwa. Ashe dafin kaɗai ya isa.

Akwai wata kuma da likitoci ke kira E. coli, wadda wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, ya gano cikin 1885. Yawancin danginta mutanen kirki ne, suna zaune a cikin kowa lami lafiya. Amma waɗansu daga cikinsu na ɗauke da dafi mai kama da na kwalara, su ne ke jawo da yawa daga zawon ruwa na ƙananan yara. Akwai kuma wadda ke zaune a kashin kaji, abin lura ke nan ga gidajenmu inda mai rarrafe da kaji ke tsakar gida ɗaya. Ba kuma kowane zawon yara ne na irin waɗannan ƙwayoyi ba. Akwai na bairos mai suna rota, wanda ya fi su ƙanƙanta nesa, an kuwa sa rigakafinsa cikin jerin rigakafin jarirai na Nijeriya a 2022.

Atuni dabam ne. Ƙwayarsa, wadda wani likita ɗan Japan, Kiyoshi Shiga, ya gano cikin 1897, ɓarauniya ce mai fasa bango. Ta kan wuce har babban hanji, ta kutsa cikin naman bangon, ta riƙa bi daga wannan gurbi zuwa wancan tana ɓarna, har wurin ya yi gyambo. Shi ya sa a ke ganin jini da majina, ga zazzaɓi, ga murɗar ciki, mutum ya yi ta yunƙuri abin da ke fita kaɗan ne. Tana da wani mugun hali kuma, tsamin tumbi bai cika kashe ta ba. Kafin kwalara ta kama lafiyayye sai ya haɗiyi ƙwayoyi dubbai a kan dubbai, amma ta atuni guda 10 zuwa 100 sun isa. Ɗan abin da ya maƙale a ƙarƙashin farce, ko a ƙafar ƙuda, ya wadatar. Wannan ne zawon da ke bin yara ɗaya bayan ɗaya a makarantar kwana da tsangaya, inda hannu goma ke shiga kwano guda.

Yanzu ga wurin da mu ke so a tsaya a kai. Mun ce dafin kwalara ya kan tokare ƙofar fita. Amma akwai wata ƙofar shiga wadda dafin bai taɓa ta ba. Sharaɗinta guda ne, ba ta buɗewa sai gishiri da sukari sun zo tare. In sun zo tare ta shigar da su, ruwa kuma ya bi su zuwa jini, ko da gudawar na ci gaba. Wani masani Ba'amurke, Robert Crane, shi ya bayyana wannan ƙofa cikin 1960. Ranar da aka ga amfaninta a fili kuwa ita ce cikin 1971, sa'ad da yaƙi ya koro mutanen ƙasar da a yau a ke kira Bangaladash zuwa Indiya, kwalara ta faɗa musu a sansanin Bangaon. Ruwan ƙarin da a ke sa wa ta jijiya ya ƙare. Sai likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari cikin ganguna, 'yan'uwan majiyyata na ba su da kofi. Da ma cikin kowane 100 wajen 30 ke mutuwa, sai abin ya sauko ƙasa da 4.  Wannan labari ya kamata ya tsaya a ran duk wanda ya ga yadda jama'a suka cunkushe a Gandi ta ƙasar Rabah cikin 2018, sa'ad da 'yan bindiga suka tashe su daga ƙauyukansu, domin ba abin da ƙwayar zawo ke so kamar taro mai yawa a kan rijiya guda da masai guda.

Abin da ya fi shi ne ƙunshin garin gishiri da sukari da a ke bayarwa a asibiti, a ke kuma sayarwa a kantin magani, a dama shi da daidai ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a sami lita guda ta ruwa mai tsabta, a sa sukari cokalin shayi 6 a shafe, ba a tsiri ba, da gishiri rabin cokalin shayi. A riƙa ba da shi kaɗan kaɗan, ba ƙaƙƙautawa. In yaro ya yi amai a dakata kamar minti 10 a ci gaba. Kada a yi wa awon karambani. Sukari in ya yi yawa, shi ma sai ya jawo ruwa daga jini zuwa hanji, gyara ya zama ɓarna, don haka lemun kwalba ba magani ba ne. Kada a janye nono, kada a hana kunu. Tun 2004 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa wa yaro da ƙwayar zinki har kwana 10 zuwa 14, domin tana rage tsawon ciwon.

Ku dubi abin da a ke yi a maimakon haka. Uba ya ga ɗansa na gudawa, ya tafi kasuwar Achida ko wurin mai tallan magani a faranti, ya sayo kafso guda biyu ko uku, a fasa a zuba a koko. Ya kashe kuɗi, ransa ya kwanta, ya ga ya yi abin da uba ke yi. Ba mu zarginsa, ba wanda ya taɓa gaya masa. Amma kafso ba ya mayar da ruwan da ya zube ko cokali guda. In zawon na bairos ne, bai taɓa shi ba sam. Abin da ya kan yi shi ne ya kashe ƙwayoyin kirkin nan masu tsaron gida, miyagun da suka tsira kuma su saba da shi, har ran da a ke bukatarsa da gaske ya ƙi ci. Maganin tsai da zawo kuwa, wanda ke sa hanji ya daina motsi, haɗari ne ga ƙaramin yaro da mai atuni, kamar a kulle ɗaki ne da ɓarawo a ciki. Maganin kashe ƙwayoyi yana da ranarsa, ga mai zawon jini da mai kwalara mai tsanani, amma ma'aikacin asibiti ke zaɓensa, shi ke faɗin kwanakinsa. Duk sa'ad da aka ga jini, ko maɗigar jariri ta faɗa, ko ido ya zurma, ko aka tsunkuli fatar ciki ta ƙi komawa da wuri, ko yaro ya kasa sha, to, ba sauran jira, sai asibiti, ana tafe ana ɗura masa ruwan a hanya. Maɗigar da ta faɗa ba ta son a shafa mata kome. Alama ce ta ƙishirwa.

Zancen haƙori kuma, ga yadda ya ke. Lokacin da haƙori ke fitowa shi ne lokacin da yaro ke fara rarrafe, yana kai kome baki, ana kuma fara ba shi kunu da ruwan randa. Lokaci ne ya zo ɗaya, haƙori bai yi laifin kome ba. Shi ya sa likitoci ke cewa nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba shi.

Sauran magana ita ce ta hanyar da ƙwayar ke bi. Cikin 1854 kwalara ta faɗa wa wata unguwa a Landan. Likita John Snow ya bi gida gida yana rubuta inda aka yi mutuwa da inda mutanen gidan ke ɗiban ruwa, har lissafi ya nuna masa famfo guda. Aka cire hannun famfon. Daga baya aka gane ramin masai ne ke tsiyaya kusa da rijiyar. Ku lura, a lokacin bai ga ƙwayar da idonsa ba, sai wajen shekara 30 bayan haka Robert Koch ya ware ta ya nuna wa duniya. Da alƙalami da takarda ya yi aikinsa, watau aikin akawu.

Mu a nan kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, ta kuwa zauna. Cikin 1991 ta kashe mutum fiye da 7,000. Cikin 2010, shekarar da Gulbin Rima ya yi ambaliya a watan Satumba ya ci ƙauyuka da gonaki a ƙasar Goronyo da maƙwabtanta, an rasa fiye da 1,700 a ƙasar duka. Cikin 2021 waɗanda aka lissafa sun kamu sun haura 111,000, wajen 3,600 suka rasu, galibinsu a Arewa, Sakkwato na ciki. Dalilin da ya sa ƙasar fadama ta fi shiga haɗari a fili ya ke. Ruwan ƙasa kusa ya ke, rijiya ba zurfi, yawancinsu ba murfi ba dakali. Ruwan sama ya wanke bayan gari, inda a ke zagayawa, ya kai cikin kududdufi da rijiya. Masu aikin shinkafa da albasa kuma, da ƙishirwa ta kama su, sai su kurɓi na magudana.

Wani zai ce, ai ruwan garau ya ke, ba launi ba wari. Haka ne, ya halatta a yi alwala da shi. Amma tambayar malami dabam, ta likita dabam, ba su kuwa yi karo ba. Ruwa na iya zama garau alhali yana ɗauke da abin da zai kwantar da gida guda. Har na famfon burtsatse, wanda ya fito da tsabtarsa, sau da yawa a gida ya ke lalacewa, cikin jarkar da ba a wankewa, da randar da kowa ke tsoma moɗa har da yatsunsa. Wani kuma zai ce itace ya yi tsada, wa zai tafasa ruwan gida mai mutum ashirin? Wannan magana ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. To, a tafasa na yara ƙanana, a sa wa sauran maganin kulorin in an samu, a yi wa moɗa dogon mariƙi, a rataye ta. Buta kuma ba ta gama aiki ba sai an bi ta da sabulu, in babu ko toka.

Dattawa na yawan cewa a dawo da duba-gari irin na zamanin En'e, mai leƙa randa yana kai mutane gaban alƙali. Ya yi aiki a zamaninsa, ba musu. Amma tsoronsa aka ji, ba a fahimce shi ba, shi ya sa da ya juya baya a kan koma gidan jiya. Jihar Jigawa, wadda cikin 2022 ta zama ta farko a Nijeriya da aka shaida ta bar yin bayan gida a fili, ta fi dogara ne ga zama da mutanen gari da masu unguwanni har su da kansu su ga inda ƙazantar ke komawa.

Saboda haka ga abin da mu ke nema. A kwalejojin horon malamai, kada a bar ɗalibi ya fita sai ya dama ruwan gishiri da sukari da hannunsa a gaban aji, ya kuma bayyana da Hausa dalilin da ya sa a ke haɗa su biyun. A firamare a kawo albasa da gishiri a nuna wa yara da ido. Hedimasta kuma ya sani, darasin tsabta a makarantar da ba ta da masai wasa ne, yara na ganin inda malaminsu ke zagayawa. In za a haƙa, a nisanta shi da rijiya kamar mita 30, a gangare da ita, ba a sama ba.

Ku kuma akawunan ƙananan hukumomi da na hakimai, takardun gini da na kasafi ta hannunku su ke bi. In an kawo takardar gina aji ba masai a ciki, ku tambaya. In labari ya zo cewa manya biyu ko uku sun kwanta da amai da gudawa a unguwa guda, a Lahodu ne ko a wani ƙauyen da mota ba ta zuwa da damina, kada a jira taron mako, kada kuma a ɓoye don gudun sunan gari ya ɓaci. Daga haɗiyar ƙwayar kwalara zuwa fara ciwo awa 12 ne zuwa kwana 5. A rubuta sunan unguwar, da ranar da kowa ya fara, da rijiyar da kowane gida ke ɗiba, a aika wa jami'in lafiya na ƙaramar hukuma a ranar.